Faruk Biyu, Takarda Ɗaya

A kan tabarmar cin abinci aka raba Faruk da sunansa, ranar Lahadi bayan azahar, yana tsakiyar cire ƙayar kifi daga cikin aceke, burabuskon rogo.

Mahaifinsa, Alhaji Abdurrashid mai sayar da tsofaffin firigo a unguwar Treichville ta birnin Abijan, ya wanke hannu, ya zaro wasiƙa daga aljihu ya miƙa masa, domin Faruk ne mai karanta wa gidan Faransanci. Ya karanta, ya fassara. Wata babbar kwaleji a Kanada tana neman yara masu hokin ƙanƙara, za ta ba su karatu da ɗaki da abinci kyauta. Misye Lavoie, Baturen da ke koyar da wasan a filin ƙanƙarar wani babban otal na Kokodi, ya shaida mata cewa yana da yaro guda wanda bai taɓa ganin mai gudunsa ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada yaro ya wuce shekara goma sha shida.

Kowa ya dubi Zaharadeen, yayan Faruk. Shi ne yaron. Shekara uku ke nan da ya bi masu gyaran injin sanyi zuwa otal ɗin, ya ɗaura takalman nan masu wuƙa a ƙasa don wasa, ƙafarsa ta ƙi sauka. A can Firigo suke kiransa, babu wanda ya taɓa tambayar sunansa na yanka. Shekarunsa goma sha tara, gemunsa kuwa har ya fara neman matsefi.

Faruk ya ninke wasiƙar ya ce, "Kash, Yaya. Ka yi musu girma."

Alhaji ya ce, "Shi ya yi girma. Takardarka ba ta yi ba."

Ya bayyana abin a natse, kamar mai rabon goro. Takardar haihuwar Faruk, wadda a Abijan ake ce wa ekstire, za ta koma hannun Zaharadeen tare da duk sakamakon makarantarsa. Ta Zaharadeen kuma ta dawo hannun Faruk. Daga yau babba shi ne Faruk, ƙarami shi ne Zaharadeen, a gida da waje, don kada baki ya suɓuce a gaban Bature.

"Baba, jarrabawar BEPC fa? Bana zan rubuta."

"BEPC gudu take yi? Takarda ce kawai, ba fatarka za a feɗe ba. Ciki ɗaya kuka fito. In ya je ya zauna, kai zai fara ja."

Tabawa, kakarsu, tana gefe tana tsotsar kan kifi. Ta ce, "Audu, ni dai na san raguna biyu na ci naman sunansu a gidan nan. Suna ba rago ba ya kamawa. Kuma ni da Faruk aka ɗaura mini aure. Yanzu wannan mai gemun ne mijin nawa?"

"Iya, don Allah."

"To a aske shi tukuna in gani."

Aka yi dariya, har da Faruk. Yana ganin wasa ne irin na manya, wanda kan mutu kafin la'asar.

Makon farko ma daɗinsa ya ji. Tunda an ce shi ne babba, sai ya karɓi girman da hannu biyu. In Alhaji ya ƙwala kira daga falo, "Faruk! Sauka ka sayo gawayi!" sai ya miƙe ƙafa ya dubi yayansa.

"Ana kiran ka, ƙane."

Zaharadeen ya sauka hawa uku na benensu da ke rukunin gidajen 220 Logements yana ƙunƙuni, ya hawo da buhu a ka. In an zuba nama, Faruk ya kai hannu kan babbar tsoka ya ce haƙƙin ɗan fari ne. Ya ƙwace katifar bakin taga. Ya kafa doka cewa sai an ce masa Yaya kafin ya amsa. Tabawa na zuga shi, tana cewa a kawo wa babban yaya ruwan wanke hannu. Shi kuwa Zaharadeen, Alhaji ya sayo masa reza kwali guda, kullum safe yana gaban madubi yana kankare shekara huɗu daga haɓarsa.

Abin da bai zo wa Faruk a rai ba, daga wurin mahaifiyarsa ya ɓullo. Ladidi mace ce mai riƙon al'ada. Tun da ta haifi ɗan farinta ba ta taɓa furta sunansa ba, kunya ta hana. "Kai yaro" take ce masa, ko "wannan", kuma ba ta sakar masa fuska a gaban mutane. Faruk ne ɗan ɗakinta, sunansa kuwa a bakinta kamar waƙa, tana jan ƙarshensa in ta kira shi daga kicin. Yanzu ga shi an ɗora masa sunan da bakinta ba ya iya ɗauka.

Ranar Laraba ya dawo da ciwon kai, ya ji ta daga kicin: "Faruuuk!" Ya zabura. Kafin ya kai ƙofa, ya tarar da Zaharadeen tsaye a gabanta, tana zuba masa ƙanzon shinkafa a tafin hannu, tana ce masa ya rame. Ƙaton saurayi yana murmushi kamar yaron goye. Ta ɗago ta ga ƙaramin, bakinta ya buɗe, ya rufe.

Ta ce, "Kai yaro, miƙo mini ludayi."

Ya miƙa mata. Ranar ya bar wa ƙanen nasa na ƙarya tsokar nama.

Litinin ta biyu Alhaji ya je makarantar Faruk da kansa ya karɓo takardar fita, domin kwalejin Kanada na son shaidar cewa ɗalibi ya bar inda yake. Wanda ya ba shi wannan shawara shi ne Kailu, wani siririn mutum da ke yini a gindin bishiya kusa da ofisoshi, yana gyara wa mutane takardu. Kailu ya ce Faruk biyu masu lamba ɗaya ba za su zauna a ƙasa ɗaya ba, dole ɗaya ya ɓace.

Faruk ya koma makarantar washegari da ekstiren yayansa a cikin littafi. Darakta, dogon mutum mai tabarau a kan hanci, ya duba takardar, ya duba yaron, ya sake duba takardar.

"Zaharadeen Abdurrashid. Shekara goma sha tara. Wannan ba shi ne na kora shekara uku da suka wuce ba, wanda ya ci biyu bisa ashirin a lissafi?"

"Shi ne, Misye."

"To ya aka yi ya gajarce?"

Faruk ya sunkuyar da kai. Darakta ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce ba zai tambayi abin da ba a gaya masa ba. Amma ana rufe karɓar takardun BEPC ranar talatin da ɗaya ga Janairu. In yaron da ya sani mai suna Faruk, na ɗaya a ajinsa, ya zo da ekstirensa na asali kafin ranar, zai mayar da shi kan bencinsa. In ya wuce, sai wata shekara.

Daga nan sai shago. Kowace safiya Faruk ya bi gbaka, ƙaramar bas ta haya, daga unguwarsu Adjame, ya tsallaka gada, ya sauka bayan kasuwar Treichville inda firigon Alhaji ke jere har bakin titi. Duk kwancen Turai ne, waɗanda 'yan gari ke kira Faransa-sai-wata-rana. Aikinsa shi ne ya shige cikinsu da soso da omo ya wanke warin kifin da wasu suka ci a wata ƙasa. A nan ya ga yadda sana'ar gidansu take tafiya. In aka samu babban firigo mai kyan jiki amma injinsa ya mutu, sai a nemo ƙarami mai lafiya, a kwance injinsa a ɗaura wa babban. Gangar ƙaramin a jefa ta bayan shago, kaji su yi ƙwai a ciki.

Sau uku yana tunkarar mahaifinsa da maganar Janairu. Na farko Alhaji ya ce yana lissafin kwantena. Na biyu ya ce, "Ni wace jarrabawa na rubuta? Ga ni na je Makka sau biyu." Na uku ya kira Kailu, wanda ya zauna a kan firiza yana kaɗa ƙafa ya ce, "Peti, ɗan ƙarami, kai fa ka ci riba. Wasu kuɗi suke biya a ƙara musu shekaru su sami lasin tuƙi. Kai a kyauta ka samu huɗu."

Ya je wurin Ladidi. Ta ci gaba da tsince shinkafa, ba ta dube shi ba.

"Ka yi haƙuri da abin da mahaifinku ya ga dama. Kai Allah ya ba ka kai, ko yaushe ka koma za ka kama. Shi fa? Ƙafar nan ita kaɗai gare shi."

"Inna, ki kira sunana ko sau ɗaya."

Hannunta ya tsaya cikin shinkafar. Ta ce, "Kada ka sa ni kuka, kai yaro. Tashi ka ba ni wuri."

Suna kuwa ba ya tafiya shi kaɗai, da kayansa yake zuwa. Wata ranar Alhamis wasu samari biyu daga unguwar Belleville suka tsaya a ƙofar shago, ɗaya riƙe da damin wasiƙu. Suka ce wane ne Zaharadeen, mai aiko wa ƙanwarsu Zinariya takardun soyayya har gida, da zanen zuciya da kibiya? Faruk ya fito da kansa daga cikin firiza, kumfa har gira. Ya buɗe baki zai ce ba shi ba ne, sai ya hangi Alhaji a bayan wani dogon firigo yana zare masa ido, yatsa a kan leɓe.

Ya ce, "Ni ne."

Babban ya dube shi sama da ƙasa. "Kai? Ɗan wannan? To ko rubutu ba ka iya ba, kalma ɗaya kuskure uku." Ya ɗauke shi da mari, na biyun ya ƙara masa a ɗaya kuncin don kada su tafi da bambanci.

Marin bai yi masa zafi kamar zancen kuskuren ba. Da suka tafi Alhaji ya fito ya sayo masa garba, wato aceken bakin titi, da kifi biyu, ya dafa kansa ya ce, "Ka ga zumunci ke nan. Allah ya yi maka albarka, Zaharadeen."

Ranar Asabar aka sa shi ya ɗauki jakar yayansa zuwa Kokodi. Bai taɓa shiga filin ba. Sanyi ya doke shi tun daga ƙofa, ya zauna a benci yana rawar ɗari cikin 'yar shat. Ya zo da niyyar ya ga abin dariya, ƙato da sanda yana bin ɗan faifan roba. Sai Zaharadeen ya hau ƙanƙara. Mutumin da in yana tafiya a gida sai ya ture buta, a nan ya zama kamar ruwa. Ya ratsa 'ya'yan Turawa da na Labanawa, ya juya da baya, ya karkata har kafaɗarsa ta kusa shafar ƙasa, ya maka faifan cikin raga. Misye Lavoie ya buga sanda a katako yana zuga shi da Faransanci, "Ale, Faruk! Ale!"

Faruk ya ji sunansa na yawo a rufin filin, mutane na tafa masa, shi kuwa yana zaune da jakar wani a cinya. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, shi ma ya tafa.

A hanyar dawowa, cikin woro-woro, tasin haɗaka, Zaharadeen ya daɗe yana kallon lagun, tafkin da ya ratsa birnin, ta taga. Can ya ce, "Na ji an mare ka."

"Sau biyu. Kuma sun ce ba ka iya rubutu ba."

"Ban iya ba." Ya shafa haɓarsa da reza ta caccake. "Abin nan da ka gani, shi kaɗai na iya a duniya. In an hana ni shi, ban san ko ni wane ne ba."

Faruk ya ce, "Ni ma yanzu ban sani ba."

Tsakiyar Janairu wata wasiƙar ta zo. Alhaji ya miƙa wa Faruk bisa sabo, shi kuwa ya karanta a hankali, yana jin daɗin kowace kalma. Kwalejin ta ce ita makaranta ce kafin ta zama filin wasa. Dole ɗalibi Faruk ya zauna jarrabawar Faransanci da lissafi ranar Asabar ashirin da biyar ga wata, a wata cibiya a Treichville, gaban wata malama da suka wakilta. Ya zo da ekstirensa na asali.

Zaharadeen ya dubi silin. Tabawa ta fara dariya ƙasa-ƙasa har ta sarƙe da goro.

Da la'asar Alhaji ya samu Faruk a baranda yana wanke takalmi. Ya tsaya a kansa, ya yi gyaran murya, ya sassauta harshe.

"Faruk."

Faruk ya ci gaba da goga.

"Faruk, da kai nake."

"Baba, ya fita. Ya tafi Kokodi. In ya dawo in ce kana nemansa?"

"Kai, kada ka mayar da ni abokin wasanka!"

"Ai kai ka ce ko a mafarki aka kira kada in amsa."

Alhaji ya haɗiye abin da ya taso masa, ya jawo kujera ya zauna. Ya ce malamar ba ta taɓa ganin ko ɗayansu ba, Kailu zai sauya hoton da ke kan takardar shiga. Safiya ɗaya ce kawai. Za a ba shi aron sunan daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu.

"Aron sunana za a ba ni."

"To, haka ne. In ka gama, Litinin ka kai ekstiren makarantarku. Na yi alkawari."

Kailu ya zo da nasa gargaɗin ranar Juma'a. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Peti, saurara. Sha biyu bisa ashirin. Kada ka gaza, kada ka wuce. Ka zubar da tambaya huɗu cikin goma, ka ɓata rubutunka kaɗan. Ɗan wasa mai sha biyu ba wanda zai waiwaye shi. In ka zuba musu ilimi, za su fara tambaya."

Da asubar Asabar Tabawa ta kira shi ɗakinta, ta ba shi kunu a kofinta. Ta ce, "Maigida, zo in gaya maka. Ni na haifi ubanka. In zai yi ƙarya, kunnensa na hagu yake ja. Da yake maka alkawarin Litinin, ina kallo ta taga, har ya kusa tsinke shi. Na ji Kailu na ce masa malamar za ta riƙe takardar haihuwarka ta aika Kanada."

Faruk ya riƙe kofin, bai sha ba. "To in yi yaya, Iya?"

"Ni na sani? Ni ko alif ban iya ba. Na dai san in aka ba mutum aron rigarsa, ba ya sa ta a baibai."

Cibiyar na bayan Belleville, ɗaki ne mai fanka biyu da tebur shida, shi kaɗai ne ɗalibi. Malamar, wata farar tsohuwa mai gajeren gashi, ta karɓi ekstiren ta saka a ambulan ta liƙe a gabansa. Kunnen Alhaji bai yi ƙarya ba. Ta ce, "Kai ne Faruk?"

Wata biyu da rabi rabon da a yi masa wannan tambaya. Ya ce, "Ni ne, Madam," muryarsa ta fito da ƙarfi har ta ɗago kai.

Ya rubuta sunansa a saman takarda, harafi bayan harafi. Ya yi tambaya ta ɗaya zuwa ta shida, ya lissafa a ransa: sha biyu ta cika. Ya ajiye biro. Ya tuna yayansa a kan ƙanƙara, da abin da ya faɗa cikin woro-woro. Zaharadeen bai roƙi a haife shi da ƙafa ba kai ba, kuma ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. In ya tsaya a nan, mutum ɗaya a gidansu zai tsira. Ya dubi tambaya ta bakwai. Irin wadda yake so ce, mai kusurwa uku a cikin da'ira, amsarta na leƙensa kamar ɓera a rami. Ya dubi sunan da ke saman takardar. Nan da awa biyu za a karɓe shi a sa a jirgi, kuma abin da zai bi shi har abada shi ne abin da aka rubuta yau. A ce Faruk, na ɗaya a aji tun daga firamare, ɗan sha biyu ne?

Ya ce a ransa, ta bakwai kawai. Da ya gama ta, ta takwas ta zama 'yar'uwarta, raba su rashin zumunci ne. Ƙarfe sha ɗaya da rabi ya miƙa takarda babu gurbi ko ɗaya, har da gyara wa masu jarrabawar wani waƙafi da suka manta.

Alhaji na jira a waje. "Nawa?"

"Na yi bakin ƙoƙarina, Baba."

Talatin da ɗaya ga Janairu ta zo ta same shi cikin firiza da soso. Ya ji agogon shagon maƙwabta ya buga sha biyu, ya ci gaba da wanki.

Sakamako ya fito cikin Fabrairu: sha tara bisa ashirin. Kwalejin ta rubuto cewa ba ta taɓa samun ɗan wasa mai irin wannan kai daga ko'ina ba. Malamar ta yi murna har ta sayi ƙamus babba, ta ɗauka da kanta zuwa filin ƙanƙara don ta ba yaron a gaban kocinsa. Misye Lavoie ya busa usur ya kira, "Faruk!" Wani ƙato ya taho a guje ya ja birki a gabanta, ƙanƙara ta fantsama, ya cire hular kwano. Ta dubi kafaɗun, ta dubi haɓar da ta sha reza. Ta ce wannan ya cinye wancan yaron ne, ko kuwa? Misye Lavoie, wanda ya daɗe yana mamakin yadda mai sha tara a lissafi ke kasa ƙirga ƙwallayen da ya ci, ya tambaye shi bakwai sau takwas. Zaharadeen ya ce hamsin da huɗu, sannan ya zauna a kan ƙanƙara ya rufe fuska.

Shi ya dawo gida da ambulan ɗin ekstiren, wanda malamar ta mayar masa tun bai kai Kanada ba. Ya ce Baturen ya gaya masa, da ya zo da shekarunsa na gaskiya, da ya ɗauke shi mataimaki yana koya wa ƙanana, da albashi. Yanzu kuwa kada ya ƙara taka filin.

Abin da ya biyo baya, mutanen benen har yau suna ba da labarinsa, domin ba su taɓa jin an doki yaro don ya ci jarrabawa ba. Alhaji ya bi Faruk da carbi daga falo zuwa baranda yana ihu.

"Sha biyu aka ce maka! Sha biyu! Wa ya aike ka sha tara? Maci amana! Ka tozarta ni a gaban Turawa!"

"Baba, ɗaya na zubar!"

"Kuma su ma Turawan, ina ruwansu? Wa da ƙane ba abu ɗaya ba ne? Mutanen da ba su san zumunci ba!"

Tabawa ta fito ta tsaya tsakaninsu, ta fizge ambulan daga hannun ɗanta ta cusa a lalitarta. Ta ce, "Audu, ka kwance injin ƙarami ka ɗaura wa babba, ga shi duka biyun sun daina sanyi. Takardar mijina kuma daga yau a ƙuguna take kwana. Mai so ya zo ya kwance."

Alhaji bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. A shago yana gaya wa abokansa cewa hassada ce ta 'yan unguwa, wani lokaci ya ce Kailu ne bai iya aiki ba, wani lokaci ya ce dama sanyin Kanada ba ya yi wa ɗan Musulmi kyau. A cikin duk waɗanda ya lissafa, babu mutumin da ya zauna a kan tabarma ya raba 'ya'yansa kamar kayan gyara. Irinsa suna da yawa, kuma ba mugaye ba ne a fuska. Suna ciyarwa, suna tufatarwa, suna sa albarka. Sai dai a wurinsu yaro dukiyar gida ce, ana iya cire wani abu daga jikin wannan a toshe ɓarakar wancan, in ya yi ƙara a ce ba shi da zumunci. Darakta ya ce Faruk ya dawo Oktoba ya maimaita aji. Takalman Zaharadeen masu wuƙa suna rataye a ƙusa, tsatsa ta fara cin bakinsu.

Ranar Lahadi aka sake shimfiɗa tabarma. Alhaji ya yi shelar cewa kowa ya koma sunansa, magana ta wuce. Ya ce, "Faruk, miƙo ruwa." Babu wanda ya motsa. Ya ce, "Zaharadeen." Shiru. Tabawa ta ce ai ta faɗa tun farko, sai ya nemo raguna biyu.

Can daga kicin, a hankali, kamar mai gwada ƙafa a kan tsani, muryar Ladidi ta fito.

"Faruuuk."

Su biyu suka waiwaya a tare. Ƙaramin ya riga ya dafa ƙasa zai tashi, sai ya ga fuskar yayansa, wanda wata uku kacal ya yi a duniya yana jin uwarsa na kiransa da suna. Ladidi na tsaye a ƙofar kicin da ƙanzo a ludayi, loma ɗaya tak, tana duban wannan tana duban wancan. Zaharadeen ne ya fara sunkuyar da kai, ya mayar da hannunsa cikin kwano.